Sabuwar Tukunya da Butar Buvi

Ku da kuka cika min waya da saƙo kuna cewa na yi shiru, ku yi haƙuri, yatsuna ne suka ƙage don sanyi. Kwana huɗu tukunyar ɗumama gidanmu tana mutuwa tana farfaɗowa, maganar aurena kuma tana biye da ita, in ta mutu ta mutu, in ta tashi ta tashi.

Ga wadda yau ta fara shigowa cikinmu, sunana Muhlisa, ina aiki a kantin magani a nan Tashkent, shekarata ashirin da huɗu. A unguwarmu mace ta kai haka a gida, maƙwabta sai su fara gaida uwarta da muryar jaje. Gida biyu ne suka tako nemana. Na farko gidan su Shohruh likitan haƙori. Mahaifiyarsa ta zo sau biyu, ta shafa yatsa a saman firji ta duba ƙura, ta leƙa banɗaki wai neman wurin wanke hannu. Ranar Lahadi ƙarfe goma za ta dawo karo na uku, kuma kun san mai zuwa na uku da gurasa take tafe a naɗe cikin ƙyalle, da zarar an ce an ba su yarinya sai a karya ta, magana ta ƙare. Shohruh ba shi da aibu. Sau ɗaya muka zauna, ya yi rabin awa yana kallon haƙorana na ƙasa.

Na biyu Elyor ne, mai aikin famfo da gas. Wata takwas da suka wuce ya shigo kantinmu da ƙuna a hannu, na ɗaure masa, washegari ya dawo wai ɗaurin ya kwance, alhali da idona na gan shi ya kwance shi a bakin ƙofa. Ina sonsa, ba zan yi muku kwana-kwana ba.

Mahaifina, Dada, ba ya maganar aure da ni, sai dai ya faɗa wa Oyi, mahaifiyata, ita kuma ta kawo min kicin da zafinta. Ranar tana yanka karas ta ce, "Dadanki ya ce ba zai miki dole ba. Amma ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai ga aikin hannunsa ba. Dama za a canza tukunya, yaron ya zo ya sa. In gida ya yi ɗumi har Lahadi, uwarsa ta zo. In bai yi ba, kada ya sake jin sunansa."

"Shi likitan an gwada shi? Dada ya ba shi haƙori ya cire?"

"Rufe min baki, mara kunya." Tana faɗa tana danne dariya.

Tsohuwar tukunyarmu ta riga Oyi shigowa gidan nan. Baƙin ƙarfe ce ƙatuwa a lungun kicin, in za ta kama sai ta yi "bum" har kofuna su amsa, sau biyu tana babbake wa Dada gira. Ɗumama ɗakuna kawai ta iya, ruwan wanka kuwa ni ke dafa shi a bokiti. Tankinta yana saman rufi a buɗe, ga ta da shan ruwa. Shekara ashirin Dada yana hawa tsani duk mako yana cika mata, yana zaginta yana cewa tururi take yi da shi. Bara tsanin ya zame a kan ƙanƙara, ya faɗo ya karya wuyan hannunsa na dama. Har yau in sanyi ya yi ba ya iya dunƙule shi. Tun ranar ya rantse sai ta bar masa gida.

Ranar Talata Elyor ya iso a 'yar farar motarsa ta kaya. Na ɗauki hutun rana guda wai kaina na ciwo, na canza kaya sau uku. Rigar silikin atlas mai ruwan ganye ta yi kamar zan je biki, baƙar kuma kamar zan je zaman makoki, a ƙarshe na tsaya a kan shuɗiya ta zaman gida da farin ɗankwali, na zizara kwalli kaɗan wanda zan iya musantawa. Shi kuwa kayan aiki ne a jikinsa, amma wankakku gogaggu, har da karin guga a wando. Wa yake goge kayan gyaran famfo, jama'a?

Bai kalle ni ba ko sau ɗaya. Sai ga wayata ta yi motsi a aljihu, saƙonsa ne ya shigo.

"Shuɗin nan zai sa in haɗa bututun gas da na ruwa."

"Ka haɗa, mu tashi sama gaba ɗaya, na huta da likita."

"Dadanki yana bayana, har numfashinsa nake ji a ƙeya."

Gaskiya ya faɗa. Dada yana tsaye cikin alkyabbarsa mai auduga, hannu a baya, ko ƙusa aka ɗauka sai ya tambayi aikinta. Kafin la'asar an fitar da tsohuwar, an sauke tankin rufi, an rataye sabuwar a bango, fara tas, ba ta fi akwatin tafiya ba.

"Komil-aka, wannan aiki biyu take yi," in ji Elyor, yana kiran Dada da sunansa cikin ladabi. "Tana ɗumama ɗakuna, kuma kuna buɗe famfo a kicin ko banɗaki za ta ba ku ruwan zafi nan take. Sai dai ruwan da ke zagaya ƙarafunan ɗumi na ɗakuna a rufe yake ruf, babu sauran tanki. Kun ga allurar nan? In tana kan kore, lafiya. In ruwan ya ragu ta sauka kan ja, tukunyar kashe kanta za ta yi." Ya dubi Dada. "Babu dai mai ɗiban ruwa daga jikin ƙarafunan ko?"

Dada ya haɗe rai. "Nan gidan kaina ne, ba bene ba ne da mutane ke satar ruwan hukuma su wanke tsumma."

"Ku gafarce ni, tambaya ce ta aiki."

Ya zagaya ɗakuna yana fitar da iska daga ƙarafunan, har ya kai ƙofar Buvi, kakata, uwar Dada. Ɗakinta ne na ƙarshe, can ƙarshen baranda, kuma tun rasuwar kakanmu baƙon namiji bai taɓa taka shi ba. Tana zaune cikin 'yar sharar karan-miskinta ta ɗaga carbi ta tare hanya.

"Ina kuma za ka, ɗan samari?"

"Iska zan fitar, Buvijon."

"Iskar ɗakina ba ta dame ni ba."

Dada ne ya shiga ya yi da kansa.

Da yamma Oyi ta buɗe famfon kicin, ruwa mai tururi ya zubo mata a hannu. Ta yi salati, ta kwaso kwanukan da na riga na wanke ta sake wanke su. Dada ya ci shinkafar osh faranti biyu, ya ce, "Ustan nan hannunsa da tsabta." Usta fa ya ce, wato gwani. Na shige ɗaki na yi rawa ba kiɗa.

Washegari Laraba muka tashi gida kamar cikin firji. Allura tana kan ja.

Elyor ya zo ya ƙara ruwa ta wani ɗan famfo da ke ƙarƙashin tukunyar, ya bi kowace mahaɗa da farar takarda yana neman danshi, har da rarrafe a ƙarƙashin gadon su Oyi. Ko ɗigo bai gani ba. Ya nuna wa Dada yadda ake ƙara ruwan, Dada ya ce shi bai rabu da tsani don ya koma gadin famfo ba. Kafin azahar ta sake mutuwa. Ni na koma mai ƙara mata ruwa a ɓoye, ina jin ƙafar Dada sai in ɗauki tsintsiya. Amma ina tafiya aiki take mutuwa, Oyi ta aiko min hoton allura ba tare da ko kalma ba. Ranar Alhamis Dada ya daina cewa usta, ya koma "yaron nan". Da dare a kan abinci ya ce wa Oyi, yadda zan ji, likitan haƙori dai ko ba komai ba ya barin mutane cikin sanyi.

Ranar Juma'a na dawo da wuri, da maganin gwiwar Buvi a jaka. Na tura ƙofarta ban yi sallama da ƙarfi ba. Na same ta a durƙushe gaban ƙarfen ɗumi, ta ɗage zanen adon da kullum yake rufe da shi, ta tara butarta ta tagulla a bakin ɗan famfon da ke gefensa. Ruwa na zuba, tururi na tashi.

Jakar ta faɗi daga hannuna.

"Yauwa, gara da kika zo," in ji ta ko a jikinta. "Ki faɗa wa saurayin nan naki ya lalata min famfo. Da sai in cika buta har in ƙara a kwano, yanzu rabi yake bayarwa ya tsaya."

"Buvi, me kuke yi da shi?"

"Miya nake yi. Alwala mana! Kin taɓa ganin na taka har banɗaki da gwiwar nan cikin sanyi?"

"Tun yaushe?"

Ta shafa kan famfon da yatsa, fuskarta ta yi laushi. Ta ce kakanmu ne ya sa mata shi, shekarar da gwiwa ta fara mata ciwo. Ya ce wa kowa na fitar da iska ne, ita kuwa ya raɗa mata cewa nata ne, kada ta sake taɓa ruwan sanyi tana da miji a duniya. Shekara ɗaya bayan nan ya rasu. Shi ke hawa ya cika tankin, da ya tafi ɗansa ya gaji tsanin, ba wanda ya taɓa faɗa mata inda ruwan ke fitowa. A tunaninta daga bututun titi yake zuwa kamar kowane famfo.

Na zauna a kan katifar ƙasa na yi mata bayani a hankali, da tankin, da allurar, da komai. Ina cikin yi muka ji muryar Dada a tsakar gida, ya dawo da abokansa biyu na masallaci zai nuna musu sabuwar tukunya. Ashe a mace suka same ta, sai muka ji dariyar ɗaya daga cikinsu.

Buvi ba dariyar take saurare ba. Idonta yana kan butar.

"Wato ruwan da Komiljon yake hawa ya zuba..."

Na gyaɗa mata kai.

"Hannunsa." Muryarta ta yi ƙasa. "Ni ce ke nan."

"Ba ku sani ba ai, Buvi."

"Kada ki faɗa masa."

"Buvi, aurena fa! Cewa zai yi Elyor bai iya aiki ba!"

"Na ce kada ki faɗa masa." Ta ja bargo ta juya fuska bango, tsohuwar da ba ta taɓa barin a yi magana ta ƙarshe ba sai tata. Na tsaya a kanta ina jin haushinta da tausayinta lokaci guda, na rasa wanda zan bi.

Dada ya kira Elyor a waya a gaban baƙin. Ya ce gobe Asabar ya zo da kayan aikinsa, ko ya nuna masa inda take yoyo, ko ya sauke abarsa daga bango.

Bayan magariba na shige ɗaki na rubuta wa Elyor komai, har yatsuna suna tuntuɓe. Amsar ta zo a gajarce.

"Na yi zargin haka tun Laraba. Ɗakinta ne kaɗai ban shiga ba."

"Ka yi zargi ka yi shiru?!"

"Na ga yadda yake riƙe kofi da hannun hagu."

"To gobe ka faɗa masa. Kai ba ta hana ka ba."

"In shiga gidan mutum in ce masa uwarsa ce ta karya masa hannu, sannan in ce ya ba ni 'yarsa?"

"To sai ka rasa ni saboda buta?"

Ya fara rubutu, ya goge, ya fara, ya goge. Ina kallon ɗigon nan uku suna rawa har na kusa jefa wayar. Daga ƙarshe ya turo: "Ki ƙara wa tukunyar ruwa kafin ki kwanta, kada tsohuwa ta ji sanyi." Na tura masa hoton tukunyar miya na ce ya aure ta. Sannan na yi kuka, na tashi na je na ƙara ruwan.

Yau Asabar da hantsi ya zo. Ban yi kwalli ba, ɗankwalin ma na jiya ne. Abin haushi, tukunyar tana ta aikinta lafiya lau, allura a kan kore, don Buvi tun jiya ba ta taɓa famfon ba, da asuba na ji ta tana jan ƙafa zuwa banɗaki tana nishi. Amma Dada ya riga ya sha kunya a gaban mutane. Ya zauna a baranda gaban teburin shayi, Oyi tana gefe tana murza bakin ɗankwali, ni ina ƙofar kicin da faranti a hannu wanda ban san me ya sa na ɗauko shi ba.

"Ka gano?" in ji Dada.

"Tun jiya ba ta mutu ba, Komil-aka. Ku ba ni kwana biyu, in ja bututun ruwan zafi zuwa ɗakin Buvi, in canza kawunan ƙarafunan duka."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Ina ruwan yake tafiya?"

Elyor ya kalli takalmansa. Ni na kalli ƙeyarsa ina ce masa a zuci faɗa mana, faɗa, wallahi in ka faɗa zan tsaya maka.

"Laifin daga aikina ne," ya ce.

Dada ya gyaɗa kai a hankali. "Na so a ce ba haka ba. Sauke ta."

Oyi ta ce, "Dadansu, cikin sanyin nan?"

"Akwai masu aiki a gari."

Elyor ya durƙusa ya buɗe akwatinsa, ya ɗauko sufana. Na buɗe baki, na rantse muku na buɗe, sunan Buvi yana kan harshena. Sai ƙofar ƙarshen baranda ta yi ƙara.

Ta fito da sandarta a hannu ɗaya, butar tagulla a ɗayan, tururi na fita ta bakinta. Ba ta yi sauri ba, barandar nan kuwa doguwa ce. A cikin kicin tukunyar ta yi 'yar ƙara sau uku ta ɗauke. Buvi ta iso ta dire butar a tsakiyar tebur, tsakanin gurasa da kwanon zabibi.

"Kai yaro, ajiye ƙarfen nan. Komiljon, ga ruwanka."

Dada ya kalli butar, ya kalli kicin, ya sake kallon butar.

"Shekara ashirin, sau biyar a rana," in ji ta. "Ubanka ne ya sa min famfon. Ban san kai nake aikawa saman rufi ba, sai jiya da yarinyar nan ta faɗa min. Hannunka ni na karya shi. In akwai abin da za a sauke daga gidan nan, ni ce." Ta ƙi sunkuyar da kai.

Dada ya ture kofin shayinsa gefe. Ya miƙe ya kama kafaɗunta ya zaunar da ita a wurinsa, ya ja bargo ya rufe mata gwiwa, yana ta gyara bakin bargon da ba ya buƙatar gyara. Can ya ce, "Da kun faɗa min, ai da sau biyu a mako zan riƙa hawa." Oyi ta fashe da kuka, ni ma farantin hannuna ya jiƙe.

Sai ya juya kan Elyor, fuskar ta koma yadda take.

"Ka sani?"

"Na sani."

"Ka tsaya a gidana ka kalli idona ka faɗa min abin da ba shi ba."

"Haka ne, Komil-aka."

"Kuma da na bar ka, da ka sauke ta ka tafi."

"Da na sauke."

"Wawa ne," in ji Buvi tana share ido. "Irin kakan Muhlisa."

Dada bai yi dariya ba. Ya nuna masa katifa ya zauna, ya jawo butar shayi da kansa, abin da a gidan nan aikina ne ko na Oyi. Da hannun dama ya ɗaga ta, tana ɗan rawa. Na kafa wa kofin ido, don kun san baƙon da aka cika wa kofi har baki sallamarsa aka yi. Ya tsiyaya ɗan kaɗan a gindin kofin, wanda bai fi kurɓa biyu ba, ya miƙa masa.

"Ka je ka tayar da ita, mahaifiyata na jin sanyi. Gobe ka zo da bututunka ka ja mata ruwan zafi har ɗaki. Famfon babana kuma ka toshe shi ta ciki, amma kada ka cire shi daga wurinsa."

"To. Ƙarfe nawa zan zo?"

"Goma."

Oyi ta dafe ƙirji. "Dadansu, goma fa su maman likita za su iso, da gurasarsu!"

Dada ya ɗauki zabibi ɗaya ya jefa a baki.

"Na sani," ya ce. "Muhlisa ce za ta buɗe ƙofa, ga wanda ta ga dama."